Wa Ya Gani? Nasiha ga Ɗaliban Wurno, Rabah da Goronyo

Ƙannena, ku ba ni aron hankalinku. Zan fara da abin da ya faru a gabana, a wata makaranta da na koyar, wadda ba sai na ambaci sunanta ba.

Ranar Talata ce da hantsi, ina rubutu a allo, sai na ji ƙafafu na gudu a baranda. Kafin in juya, rabin ajin sun miƙe. Wata uwa ta faɗo cikin aji ba takalmi, mayafinta a hannu, ta fizgi ɗanta ta yi waje da shi. Na bi ta ina tambayar ko lafiya. Ta ce, "Malam, sun taho! Suna bakin gulbi!" Cikin minti goma makaranta ta watse. Wata yarinya 'yar aji ɗaya ta faɗi a bakin ƙofa aka tattake mata hannu. Masu shago suka ja ƙofofi, masu awon hatsi suka bar buhuna a buɗe. Muka zauna mu malamai huɗu a ofis, gaban kowa na faɗuwa, muna jiran ƙarar bindiga. Har azahar shiru, har la'asar shiru.

Da yamma aka kunna mini saƙon muryar da ya tayar da garin. Sakan arba'in ne. Wani mutum ne yana haki, yana cewa ga mashina sun fi hamsin, kowa ya yi ta kansa. Bai faɗi sunansa ba, bai faɗi garin da yake ba, bai faɗi rana ba. Daga baya wani direba ya ce ya taɓa jin wannan muryar watanni da suka wuce a wata jiha. Wanda kuwa ya fara jefa shi a zauren WhatsApp na unguwa ɗalibina ne, yaro mai natsuwa, mai ƙoƙari a lissafi. Da na kira shi, hawaye ya cika masa ido. Ya ce, "Wallahi Malam, so na yi in ceci mutane." Na yarda da shi a ranar, kuma har yau na yarda. Shi ya sa nake rubuta muku wannan, don mafi yawan ɓarnar da waya ke yi a yankinmu daga hannun masu kyakkyawar niyya take fitowa.

Ba na zargin uwar nan da ta zo a guje. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Mu nan gabashin Sakkwato tsoronmu yana da tushe. A watan Yuli na 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni a ƙasar Gandi, cikin ƙaramar hukumar Rabah, suka kashe mutane da dama, waɗanda suka tsira suka cika garin Gandi suna gudun hijira. A watan Oktoba na 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo ana tsakiyar ciniki, rayuka fiye da arba'in suka salwanta. Akwai a cikinku wanda ya rasa uba ko yaya a irin waɗannan ranaku. Saboda haka idan ɗan birni ya ce muku kawai ku daina yarda da saƙon waya, bai san inda kuke zaune ba. A wurinmu kira ɗaya a kan lokaci yana iya tserar da ƙauye guda. Mun ma ɗanɗana rashin sa: a watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Rabah da Goronyo, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. Waɗanda suka yi wayo a lokacin za su tuna yadda mutum zai hau mota ya yi tafiya mai nisa don ya ji muryar ɗansa, da yadda ɗan kasuwa ke loda albasa bai san farashin da zai tarar ba.

To, daidai nan ne matsalar take. Gargaɗi abu ne mai ƙarewa, kamar ruwan randa. Duk ranar da aka kori gari da ƙarya, an kamfaci wani abu daga yardar mutane. A yi haka sau uku, sau huɗu, ranar da gaskiya ta zo sai dattijo ya gyara kwanciya ya ce, "Irin na rannan ne." Wanda ya tura ƙarya a watan jiya yana da hannu a abin da zai sami wannan dattijo, ko da bai taɓa saninsa ba. Haka ma zancen dam. An gina madatsar ruwa ta Goronyo a kan gulbin Rima, kuma a daminar 2010 ambaliya ta cinye gidaje da gonaki a wannan kwari, har ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Tun daga nan, da an yi ruwa mai ƙarfi kwana biyu, sai ka ji wani ya turo cewa dam ya fashe, da bidiyon ruwa yana cin gada. Sau da yawa in ka dubi bidiyon da kyau, motocin da ke ciki ba irin namu ba ne, itatuwan ma ba na ƙasarmu ba ne. Amma mai gona a fadama ba ya da lokacin duba itatuwa. Ku da kuka je makaranta ku ne za ku duba masa.

Abin da nake so ku koya, wato tantance labari, ba baƙon ilimi ba ne, ko da yake yanzu duniya ta ba shi sabon suna, har hukumar UNESCO ta yi babban taron makonsa na duniya a Abuja a watan Oktoba na 2022. Ku da ke Wurno kuna wucewa kullum ta kusa da hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa garin a matsayin ribaɗi, ya rasu a cikinsa a 1837. Ku san wani abu game da shi. Lokacin da aka yi saɓani tsakanin shugabannin jihadi da Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi na Barno, an yi ta musayar wasiƙu masu zafi. Da Bello ya zo rubuta littafinsa na tarihi, Infaƙul Maisuri, sai ya sa wasiƙun al-Kanemi a ciki, da hujjojinsa masu nauyi, sannan ya biyo da amsa. Yana da iko ya taƙaita maganar abokin jayayyarsa yadda ya ga dama, ya yanke inda ya fi ƙarfi, ba wanda zai tuhume shi. Bai yi ba. Saboda wannan amana ne masu tarihi a yau suke iya karanta ɓangarorin biyu su auna. Ku kwatanta da abin da muke yi wa malamanmu yanzu: a yanko sakan ashirin daga karatun awa biyu, a cire abin da ya gabata da abin da ya biyo, a liƙa masa take mai tayar da hankali, kafin magariba almajiran malamai biyu sun fara zagin iyayen juna.

Kuma Bello ɗin ma gado ya tarar. Duk wanda ya zauna a makarantar Islamiyya ya ji kalmar isnadi. Malaman hadisi ba sa karɓar magana don ta yi daɗi ko don ta dace da abin da suke so. Sai sun tambaya: wa ya faɗa maka, shi kuma wa ya faɗa masa, sun ma taɓa haɗuwa kuwa, mutum ne mai riƙe magana ko mai mantuwa? In sarƙar ta yanke a wuri ɗaya, darajar maganar ta ragu. Aya ta 6 a Suratul Hujurati umarni ce a kan bincika labari kafin a yi aiki da shi, kuma dalilin da ta bayar shi ne kada a cutar da mutane cikin rashin sani a dawo ana nadama. Suratun Nur kuma ta ɗauki ayoyi tana tsawatar wa waɗanda suka riƙa karɓar ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha daga baki zuwa baki, suna ɗaukar abin wasa ne. Yaron da ya haddace waɗannan da safe, da dare kuma ya tura saƙon da bai san mai shi ba zuwa zaure biyar, akwai wata gada da ba a gina masa ba tsakanin allo da waya. Wannan laifinmu ne mu malamai, na boko da na Islamiyya duka.

Bayan abin da ya faru a makarantarmu, na ware rabin darasi kowace Alhamis. Nakan sa ɗalibai su kawo saƙonnin da suka shigo wayoyin gidajensu a makon, in rubuta ɗaya a allo, mu yi masa tambayoyi kamar yadda alƙali ke yi wa shaida. Tambayar farko kullum ita ce: wa ya gani da idonsa? Ba wanda ya turo ba, don wanda ya turo sau da yawa kawunka ne ko limaminku, mutumin kirki da shi ma turo masa aka yi. Idan saƙo ya fara da "an ce" ko "wani jami'i ya tabbatar" ba suna, to maraya ne. Sai mu tambayi rana da wuri. Gargaɗin gaskiya yakan zo da ƙwayoyi: ni ne wane ɗan wane, ina tsaye a wuri kaza, yanzu ƙarfe kaza, na ga kaza. Na ƙarya ya fi son "yanzu-yanzu" da "suna nan tafe", don ya iya yawo shekara uku bai tsufa ba. Na koya musu su lura da 'yar alamar kibiya da WhatsApp ke sawa a saman saƙo: kibiya ɗaya tana nufin turowa aka yi, kibiya biyu tana nufin ya bi hannaye da yawa kafin ya iso. Na nuna musu yadda ake sa hoto a Google Lens a ga ko ya taɓa fitowa a wani wuri. Ranar da muka gwada wani hoton gawarwaki da aka ce na makon nan ne, muka same shi a wani shafi na shekarun baya daga wata ƙasa, ajin ya yi tsit. Wata ɗaliba daga baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, innata ta kwana ba ta ci abinci ba saboda wanga hoto."

Irin wannan hoto ya taɓa jawo kisa a ƙasar nan. A watan Yuni na 2018, lokacin rikicin jihar Filato, an yaɗa hotuna a Facebook ana cewa na waɗanda aka kashe ne. Binciken da BBC ta yi daga baya ya gano cewa ɗaya daga cikin waɗanda suka fi tayar da hankali, bidiyon wani mutum da aka sare a ka, daga Kongo Brazabil yake, kuma tun shekaru kafin rikicin. Amma kafin a gano, an tare hanya an kashe matafiya waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Waɗanda suka tura hoton suna gida, hannunsu ba jini a zahiri.

Akwai tambaya ta ƙarshe da na fi so ku riƙe, ita ce: me saƙon nan yake so in ji a zuciyata? In ka karanta abu ka ji jininka ya tafasa nan take, ko ka ji tsoro ya kama ka, ko kwaɗayi ya motsa, to a nan ne za ka ajiye waya ka sha ruwa. Masu ƙirƙirar ƙarya sun san mai fushi ba ya tambaya. Manhajoji irin su Facebook da TikTok kuma an gina su ne su riƙa ɗaga abin da mutane suka fi taɓawa da turawa, don ta haka kamfanonin ke samun kuɗin talla. Labarin da ya fi harzuƙa mutane shi ya fi gudu. A watan Agusta na 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas, cikin dare ɗaya saƙo ya zagaye Najeriya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka tashi 'ya'yansu da asuba. An ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu masu hawan jini, wasu da dama suka kwanta asibiti. Ƙauna ce ta sa kowa ya kira ɗan'uwansa a daren, kuma ƙaunar ce ta kai gishirin bakin masu hawan jinin.

Kada kuma ku ɗauka ina ce muku duk abin da hukuma ta faɗa gaskiya ne, duk abin da talaka ya faɗa jita-jita. Jita-jita takan tsiro ne a inda aka taɓa cin amana. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, abu ne da ya faru, har aka je kotu. Wannan tabon na cikin abin da ya sa a 2003 mutane suka yarda da zancen cewa rigakafin shan inna yana hana haihuwa, aka dakatar da shi a Kano kusan shekara guda, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje, yara suka shanye. Sai a 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Abu na farko gaskiya ne, na biyu ƙarya ne, kuma mai ilimi shi ne wanda zai iya riƙe su biyun ba tare da ɗaya ya haɗiye ɗaya ba. Ma'auni guda za ku sa wa kowa, gwamna ne ko ɗan adawa, malaminku ne ko malamin wasu. Akwai masu aikin tantance labari, irin su Dubawa da aka kafa a 2018, akwai sashen Hausa na BBC da ke aiki tun 1957, akwai Rima Radio a nan gida. Su ma suna kuskure, amma suna da suna da ofis, ana iya kama su a ce sun yi ƙarya. Mai saƙon murya ba ya da ko ɗaya.

Zancen kuɗi gajere ne. Ba bankin da zai kira ka ya nemi lambar sirrinka ko lambar da aka turo maka ta saƙo. Ba tallafin gwamnati da ake samu ta hanyar tura saƙo ga mutum goma. Wanda ya ce ka kawo dubu goma ka karɓi ashirin a mako, ka tuna MMM da ta rufe da kuɗin mutane a Disamba 2016, da CBEX a Afrilu 2025. Manomin tafarnuwa a Wurno ya san watannin da yake yi yana ban ruwa kafin ya ga riba. Ku tambaye shi ko banza ta taɓa kai zomo kasuwa.

Sai abin da ku kanku kuke sawa. Magana zarar bunu ce tun kafin a ƙera waya, yanzu kuwa bunun yana da fukafukai. Idan ka ga motocin sojoji sun wuce ta garinku, ka ɗauka ka sa a TikTok, ka sani ba abokanka kaɗai ke kallo ba. Na cikin daji ma suna da waya. Idan aka yi rashi, kada ka ɗauki gawa ka yaɗa. Na san matar da ta fara sanin mutuwar mijinta ta hoton da ya shigo wayar maƙwabciyarta, tana tsakiyar daka. Mamaci yana da alfarma, iyalinsa suna da haƙƙin a zo musu da ƙafa, a yi sallama, a zaunar da su. Mafi haɗari duka shi ne ka sa hoton mutum ka rubuta cewa ɗan leƙen asirin 'yan bindiga ne, don ka ji ana faɗa. A yanayin da muke ciki wannan hukuncin kisa ne. In kana da abin da ka sani, ga mai unguwa, ga hakimi, ga jami'an tsaro. Ku kuma 'yan mata, ƙannena, hoton da kuka tura wa mutum ɗaya ya bar hannunku har abada, ko ya rantse da me. Ku samari da kuke karɓar irin wannan kuna nuna wa juna, ko kuna yi wa yarinya barazana da shi, ku sani dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, tana hukunta barazana ta waya, kuma kafin kotu akwai ranar da wani zai yi wa ƙanwarku haka.

Zamaninku zai fi namu wuya ta wannan fuska. A 2018 an yi ta yaɗa cewa Shugaba Buhari ya mutu an kawo wani Jubril daga Sudan, har sai da ya fito da bakinsa a ƙasar Folan ya ce shi ne. Wancan da baki kawai aka yi shi. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ana iya ɗaukar muryar malamin da kuka sani a sa ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba, leɓe na motsi daidai. Kakanninmu sun ce gani ya kori ji, amma ganin allo ya zama wani nau'in ji. Abin da ya rage shi ne tsohuwar hanya: a koma tushe, a nemi cikakken karatun, a kira wanda yake wurin.

Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Rabah, wanda ya koyar a makarantar Midil ta Sakkwato kafin ya zama hakimin garinsu a 1934, gwamnatin zamaninsa ta yi Yaƙi da Jahilci don manya su iya karatu da rubutu. Wayar yau ta tsallake wannan katanga: kakarka da ba ta san baƙi ba tana karɓar saƙon murya kamar kowa, kuma ta fi kowa yarda da shi, don a duniyar da ta taso mutum ba ya ɗaga murya ya rantse a kan abin da bai gani ba. Kai ne mai saka mata caji, kai ne mai kunna mata. Nana Asma'u, ƙanwar Muhammadu Bello, ta horar da mata malamai da ake kira jaji ta tura su ƙauyuka su kai wa mata ilimi ingantacce har cikin gida. Irin wannan aiki ne ya faɗo a kanku ba tare da kowa ya naɗa ku ba. Ku yi shi da ladabi. Kada ka ce wa mahaifinka an yaudare shi a gaban mutane. Ka ce, "Baba, bari in kira wane da ke can mu ji."

Yaron nan da na ba ku labarinsa, haka ya koma yi. Ya tattara lambobin mutum biyu-biyu a ƙauyukan da ke kewaye da mu, direba ko mai shago ko malamin makaranta, ya rubuta su a bayan littafinsa na lissafi. Wani dare cikin damina saƙo ya sake shigowa cewa an shiga wani ƙauye. Ya kira na farko, waya a kashe. Ya kira na biyu, mai shayi ne, ya ce masa ga shi nan yana wanke kofuna, ba abin da ya faru sai ruwa da ake yi. Ya rubuta a zauren unguwa sunan wanda ya yi magana da shi da ƙarfe nawa suka yi. Washegari aka yi makaranta, aji ya cika.